Ƙwallon da Ke Suɓuce Maka Idan Ka Rufe Ido

Yasore, ta Batsari.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga ɗana Mansir,

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan ka sauka Katsina lafiya, ka sami masauki mai kyau da mutanen kirki. Allah ya tsare ka a hanya, ya tsare direban da ya ɗauke ku, ya kawar da idon mugu daga motarku tun daga tashar Batsari har inda za ka ajiye jaka. Innarka tana gaishe ka. Ita ce ta cusa wannan takarda a ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙuli, don ta san nan hannunka zai fara zuwa.

Ba labarin gida zan ba ka ba, yanzu ka baro shi. Magana ɗaya ce ta sa na ture keken ɗinki na ɗauki biro. Innarka ta gaya mini abin da ka faɗa mata ranar da take tankaɗe, kuma kada ka ga laifinta, ni na matsa mata. Ka ce tun wasan da kuka buga a Safana, wanda ƙwallo ta suɓuce daga hannunka ta gangara cikin raga, duk sanda ka rufe ido ita kake gani, har a sujada. Ka ce za ka je sansanin ƙungiyar nan ne kawai don kada a ce ka ƙi, amma da zarar koci ya tara ku za ka faɗi a gaban kowa cewa hannunka ba shi da tabbas, in ya so ya sallame ka ka dawo shago. Wata guda suka ba ka na gwaji a matsayin mai tsaron gida. Tsorona shi ne kada ka ƙarar da watan nan da bakinka tun ranar farko.

Ka san ni ban iya zama da ɗa muna kallon juna ina zuba ba. Shi ya sa na rubuto. Ka san na taɓa tsare wa Yasore gida, amma abin da ka sani shi ne abin da abokaina ke faɗa idan suna son su faranta maka. Ga sauran.

Kocinmu a lokacin wani malamin firamare ne da aka turo mana daga Safana, Malam Iro. Siririn mutum, ba ya ɗaga murya, usur ɗinsa ma a aljihu yake wuni. Yana da wata ɗabi'a da ta ba mu dariya. Duk ana gobe wasa, bayan la'asar, sai ya tara mu ƙarƙashin bishiyar bedin makaranta, darbejiyar nan, ya ce kowa ya zauna ya rufe ido. Sai ya fara magana a hankali: kun sauka daga mota, kun shiga fili, ga yashi a gefen gabas, ga alƙalin wasa ya busa. Haka zai bi da mu cikin wasan tun daga farko, kowa yana ganin kansa a inda yake tsayawa. Wata rana wani dattijo ya zo wucewa da jakinsa, ya ga samari sha biyar zaune shiru ido rufe, ya tsaya ya cire takalmi ya ce, "Malam, wa ya rasu?"

Ni ne shugaban masu raina abin. Ina buɗe ido ɗaya, ina jifan mutane da 'ya'yan bedi. Wanda na fi jifa shi ne Bello, Bafulatanin da ke tsare mana baya, daga wata ruga kusa da Darini. Ka san shi, shi ne mai kawo mana nono da sallah. Shi kam ya ɗauki abin da gaske. Na taɓa tsokanarsa na ce ko barci yake yi, ya ce, "Kai dai ba ka san komi ba, Lawal. Ni kullum haka nike yi kahin in kora shanu mashaya. Sai na bi hanyar cikin kaina, in ga inda gonar mutane take, in ga wace nagge za ta ɓalle. In ban yi ba, ranar sai an yi ɓarna."

Ana gobe za mu Darini, Malam Iro ya tsaya a kaina musamman. Ashe cewa yake in ga kaina a ragar da ke fuskantar yamma, rana ta sauko tana dukan idona, in ga yadda zan kare ta da hannu in an ɗago ƙwallo sama. Ni kuwa ina can ina auna kunnen Bello. Washegari bayan hutun rabin lokaci aka mai da ni wannan ragar. Aka bugo kwana, na ɗaga kai, ban ga komai ba sai fari fat, sai ihun mutanen Darini na ji. Da muka fito Malam Iro bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Jiya na nuna maka ranar nan, ba ka nan."

To ka ji na farko. Idan kocinku ya ce a zauna a bi wasa a zuci, ka zauna ka yi da gaske, in kuma ba ya yi, kai ka yi wa kanka. Bayan sallar asuba ya fi, kafin hayaniya ta tashi. Kada ka tsaya a kallo daga nesa kamar ɗan kallo a kan katanga. Ka shiga jikinka. Ka ji safar hannu ta matse yatsunka, ka ji nauyin ƙwallo a ƙirji, ka ji ciyawa ko yashi a gwiwa. In filin da za ku sabo ne, ka je da wuri ka taka shi, ka ga ina rana take faɗuwa, ina ƙasa ta yi kwari, don kanka ya sami abin da zai yi aiki da shi. Ba dogon zama ake so ba, kamar tsawon shan koko ya isa.

Bayan abin Darini na shiga yi, har na fi kowa. Amma dubi yadda na yi shi. Ina rufe ido sai in ga Lawal ya tashi sama ya cafke, Lawal ya yi tsalle ya ture, 'yan mata suna guɗa, an ɗauke ni a kafaɗa ana zagaya gari. A cikin wasan da nake bugawa a kaina, babu Bello, babu kowa. Ni kaɗai ne a fili da ƙwallo da masu tafi. Na ji daɗin abin ƙwarai, har tafiyata ta canza.

Sai aka zo wani wasa a filinmu. Aka ɗago wata doguwar ƙwallo, irin wadda na kama sau ɗari a kaina. Bello yana ƙarƙashinta, ya riga ya saita kai, babu abokin hamayya kusa da shi. Da na ce masa ko "taka ce" ko "bar ta", da an wuce wurin. Ban ce komai ba, domin a kaina ban taɓa buɗe baki ba, ba wanda zan yi wa magana. Na fito a guje na tashi, gwiwar hannuna ta sami bakinsa. Muka zube mu biyu, ƙwallo ta yi tsalle ta shige abinta. Bello ya tashi da haƙorinsa na gaba a tafin hannu. Har yau in ya yi dariya a kasuwar Batsari ina ganin aikina.

Don haka in ka rufe ido, ka sa 'yan bayanka a ciki. Ka koyi sunayensu tun ranar farko, ka san wane ne mai ƙafar hagu, wane ne ke jinkirin juyawa, wane ne in an daka masa tsawa yake rikicewa, wane ne sai da tsawar yake farkawa. Ka ji muryarka tana kiran su a cikin kanka kafin ka kira su a fili. Mutum goma da ke gabanka sun ba ka baya, ba sa ganin ka, jin ka kawai suke yi. In muryar da ke fitowa daga raga a tsaye take, ƙafafunsu za su tsaya. Ni sai da na cire wa mutum haƙori na gane haka.

Na ukun shi ne wanda ban taɓa gaya maka ba, kuma shi ya raba ni da ƙwallo.

Wata shekara bayan an gama girbin gero muka kai wasan ƙarshe na gasar ƙauyuka, aka ce a Safana za a buga. Ba mu taɓa kai wa nan ba. Ana gobe muka zauna ƙarƙashin bedi kamar kullum. Ina cikin bin wasan, sai kawai na ga an bugo wata ƙwallo ta ƙasa, marar ƙarfi, na durƙusa, ta bi ta tsakanin hannuwana ta wuce. Na buɗe ido a firgice. Na sake rufewa, ta sake wucewa. 

Sai ka san gidan da na fito kafin ka gane wautar da na yi. Kakata, wadda ta rene ni, an san ta a Yasore da mafarki. In ta ce ta ga abu, mata har daga wasu unguwanni suke zuwa tambaya. Na tashi ina jin ana cewa na gado ta, don na taɓa cewa akuyarmu za ta haifi biyu, ta kuwa haifa. Saboda haka da na ga ƙwallon nan ta wuce, ban ɗauka tsoro ne ya zana mini ita ba. Na ɗauka nuna mini aka yi. Na kwana da abin, na tashi da shi, ban gaya wa Malam Iro ba.

Da hantsi muka hau bayan akori-kura, mu da 'yan rakiya, Malam Iro yana gaba kusa da direba. Ana waƙa, ana dukan jikin mota, yara suna bin mu da gudu har bakin gari. Ban taɓa ganin samarin nan da ƙarfin gwiwa irin na ranar ba. Ni kaɗai na yi tsit. Mun yi nisa Bello ya taɓa ni ya ce, "Gola, mi ya faru? Ko cikinka ne?"

Na ce, "Ba cikina ba ne. Na gani."

"Ka ga mi?"

"Jiya ƙarƙashin bedi. Sau biyu. Ta ƙasa za ta zo, ta tsakanin hannuna za ta wuce. Wallahi yau sai an ci mu."

Da ƙarfi na faɗa, don motar tana ƙara. Waƙa ta mutu daga kusa da ni, ta bi ta mutu har ƙarshen mota. Wani ya ce, "Kai Lawal, bari wanga zance." Wani kuma ya ce a hankali, "Jikan tsohuwa ne fa." A haka muka isa Safana. Malam Iro ya fito daga gaba yana murmushi, ya ga fuskokinmu, murmushin ya tsaya. Ya tambaya, ba wanda ya gaya masa.

Ga abin da ya faru a filin, kuma ina so ka karanta shi sau biyu. Ƙwallo ba ta suɓuce mini ba ko sau ɗaya. Duk wadda ta iso hannuna na riƙe ta. Amma 'yan bayana, waɗanda suka saba tsayawa can gaba su tare mutum, sai suka dawo suka taru a bakin ragata, don kada a sami damar bugo mini ta ƙasa. 'Yan tsakiya suka ga baya ta ja, su ma suka ja. Ɗan gabanmu ya wuni shi kaɗai kamar wanda aka aika. Kowa yana wasa yana waiwayena. Aka ci mu ta farko saboda cunkoso, ban ma ga fitowarta ba. Ta biyu kuwa, aka bugo wata ta ƙasa marar ƙarfi, irin wadda ko ƙanwarka za ta kama. Na durƙusa, na shirya, tana zuwa daidai ƙirjina. Bello ya tuna maganata, ya zube ya miƙa ƙafa don kada ta iso gare ni, ta doki ƙaurinsa ta kauce ta shige ɗaya kusurwar. Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da riga.

Ka ɗauka na yi nadama? A hanyar dawowa, mutane sun yi jugum, na buɗe baki na ce, "Ai na faɗa maku." Bello ya ɗago ya dube ni. Damina biyu bai ƙara yi mini magana ba, kuma da gaskiyarsa.

Washegari da hantsi Malam Iro ya same ni a shagon da nake koyon ɗinki. Ya riga ya ji komai. Ya zauna a kan benci ya ce, "Lawal, in ka auna riga cikin kanka kafin ka yanka, ka ga hannu zai gajarce, mi kake yi?"

Na ce, "Sai in sake awo."

"Ba ka yanka yadin mutane a haka ka ce nuna maka aka yi?"

Na ajiye almakashi.

Ya ce, "Gaibu na Allah ne, ba a ba ka ba, ba a ba kakarka ba. Abin da ka gani ƙarƙashin bedi kai ka ɗinka shi, da tsoro. Kowane gola yana ganin irinta. Da ka zo mani, da na ce ka koma ka rufe ido, ka bar ta ta suɓuce, sannan ka ci gaba. Ka juya, ka faɗa kanta kafin ta kai layi. In ma ta shiga, ka ga kanka ka tashi, ka ɗauko ta, ka tafa hannu, ka kira Bello da suna ka ce a koma. Sannan ka sake bugo ta, ka kama, ka sake, ka kama, har sai ta zauna. Kai kuwa ka tsaya daidai inda ta fi muni, ka ɗauko ka raba ma mutum goma sha biyar."

Ya ce in dawo atisaye ranar Laraba. Ban koma ba. Girman kai ya hana ni, da kunyar haɗa ido da Bello. Na ce wa mutane ɗinki ya yi mini yawa. Ina da shekarunka a lokacin, kuma ban ƙara sa safar hannu ba. Wannan abin yana ci mini rai har yau, ba zan ɓoye maka ba.

Yanzu ka ga abin da ya sa maganar da ka yi wa innarka ta hana ni sukuni. Abin da kake shirin yi a gaban sababbin abokanka shi ne abin da na yi a bayan akori-kura. Kai kana ganin gaskiya za ka faɗa. Ni ma haka na gani. Amma ba gaskiya ba ce, tsoro ne, kuma da zarar ya fita bakin mai tsaron gida ya zama na kowa. Yaran nan ba su san Safana ba, ba su ga komai ba. Za su yarda da hannunka har sai ranar da kai ka ce kada su yarda.

Ban ce ka haɗiye abin ka yi ta fama kai kaɗai ba, wannan ma na gwada, bai yi ba. Ka sami kocin shi kaɗai, bayan atisaye, ka gaishe shi da ladabi. Kada ka ce masa hannunka ba shi da tabbas. Ka ce akwai ƙwallon da ta taɓa kuɓuce maka, tana dawo maka a rai, kana so a ƙara maka aiki a kan irinta. Duk kocin da ya san aikinsa ya ji wannan sau da yawa, kuma zai fi ganin girmanka. Da safe kuma ka yi abin da Malam Iro ya ce, wanda ni ban yi ba. In ta zo, kada ka buɗe ido a inda ta suɓuce. Ka ƙarasa. In ta zo maka a sallah, ka nemi tsari ka mai da hankalinka, ka ba ta lokacinta daban. Ranar wasa ka yi addu'a, ka bar wa Allah sakamako, ka shiga da murya. In wani daga cikinku ya yi kuskure, kai ne na farko da za ka kira sunansa ka ce ba komai, a koma. Wata rana shi zai yi maka.

Saura magana ɗaya, ita ce mai wuyar, na yi ta kewaye ta tun farkon takardar nan.

Ka tuna safiyar wasanku na Safana? Kana zaure kana ɗaure takalmi, kana 'yar waƙarka, ko alamar damuwa babu a fuskarka. Ni kuwa tun da na ji an ce Safana, wancan filin, tsohuwar ƙwallon nan ta dawo mini. Na fito na tsaya a kanka. Na yi niyyar in sa maka albarka ne kawai. Sai na ji bakina yana cewa, "Ka kula da ta ƙasa, marar ƙarfin nan. Kada ta suɓuce maka gaban mutane." Ban tsaya nan ba, har na haɗa hannuwana na nuna maka yadda take wucewa. Na ga waƙar ta tsaya a bakinka. Ka ce, "To, Baba," ka fita.

Shekara nawa kana tsaron gida, ban taɓa ganin irin wannan ƙwallon ta wuce ka ba sai ranar. Ina tsaye a bayan raga lokacin da ta gangara, na san daga inda ta fito. Ka dawo gida ka shige ɗaki, ni kuma na zauna a kan keke ina ɗinka abin da ba ya bukatar ɗinki, na bar ka kana zargin hannunka sati shida. Abin da na yi wa mutum goma sha biyar ina saurayi, shi na sake yi wa ɗana da furfura a gemuna.

Mansir, hannunka lafiya lau yake. Ƙwallon da kake gani in ka rufe ido ba taka ba ce, tawa ce, shekara talatin ina ɗauke da ita, na miƙa maka a zaure. Ka yafe mini. Kada ka kai ta Katsina, kada ka raba wa 'ya'yan mutane.

Allah ya yi maka albarka. Allah ya tsare ka daga rauni, da mugun aboki, da sharrin hanya in ka tashi zuwa gida, kuma ka riƙa tasowa da rana tsaka. Allah ya haɗa kanku kai da abokan wasanka, ya ba ku yarda da juna. Ya tsare ka daga mugun baki, ko da na mahaifinka ne. Ka riƙe sallah a kan lokaci. Ka cika watan nan cif, sannan in ka so ka zo mu yi maganar shago.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Lawal Tela.